Jifan Litinin

Aikina jifan garuruwa ne da duwatsu, kuma da takardar ɗaukar aiki nake yinsa. In na faɗi haka a cikin mutane sai su yi dariya, su ɗauka raha nake. Ba raha ba ce. Mu huɗu ne a wani ɗaki a hawa na uku na hukumar kula da bala'o'i, can ƙarshen baranda, bayan banɗakin da ya shekara biyu a kulle. A ƙofarmu an rubuta Sashen Haɗurran Sararin Samaniya, amma duk ginin 'yan jifa ake ce mana, har masu gadi.

Wata manhaja muke da ita a kwamfuta. Za ka faɗa mata girman dutsen da zai faɗo daga sama, na ƙarfe ne ko na tsakuwa ko na ƙanƙara, kilomita nawa yake gudu a daƙiƙa, a tsaye zai zo ko a karkace. Sai ka ɗora 'yar alama a kan taswira ka danna. Ita kuma ta zana maka da'ira huɗu, wata cikin wata. Baƙar da'irar rami ce, jar kuma wuta, mai ruwan ɗorawa gine-ginen da za su zube, shuɗiyar kuma iyakar inda gilasan taga za su farfashe. A gefe ta rubuta yawan mutanen da ke cikin kowace da'ira. Daga nan mu rubuta rahoto, asibiti nawa zai rage a tsaye, ta wace hanya za a kwashe jama'a. Rahoton ya hau hawa na biyar, ya samu wuri a kabad, ya miƙe ƙafa ya yi barci.

Kowace Litinin da safe, kafin a taɓa komai, sai kowannenmu ya yi gwaji ɗaya don a tabbatar manhajar ba ta haukace ba a ƙarshen mako. Dutsen gwajin ba ya canzawa: na ƙarfe, faɗinsa mita sittin, gudun kilomita goma sha bakwai a daƙiƙa. In da'irorin suka fito da faɗin da aka saba, shi ke nan, lafiya lau. Littafin ƙa'ida ya ce a jefa shi a tsakiyar teku. Wanda ya rubuta littafin bai taɓa zama yana jiran kwamfutarmu ta lissafa igiyar ruwa ba. Minti arba'in take ɗauka, tana nishi kamar tsohuwar firij. A kan tudu kuwa minti biyu ta gama. Don haka tun kafin in zo aka daina jifan teku, kowa ya jefa inda ransa ya so, tunda dutsen bai damu ba.

To, ka ba ɗan Adam dutse da taswira ranar Litinin da safe, ka ga inda zai jefa. Mai Gilashi, wanda teburinsa ke kusa da nawa, filin ƙwallon ƙungiyar da ta ci tasu yake jifa, don haka kusan duk filayen ƙasar nan ya rusa su. Tsohon Soja, babbanmu a shekaru, ofishin wutar lantarki yake yi wa, yana dannawa yana cewa yau sai su kawo wuta ko ba sa so. Shugaban sashe ya ce wannan rashin girmama kimiyya ne, ya kuma ce zai rubuto mana takardar gargaɗi. Wata rana na leƙa allonsa na ga garejin bakanikensa ya zama rami.

Ni gidan Yaya nake jifa. Ba na canzawa, ba na shawara. In buɗe taswira, in bi babban titi zuwa shataletale, in karya ta bayan gidan mai, in nemi rufin da ke da shuɗin tanki, in ɗora alamar daidai kan ɗakin barcinsa, in danna. Kafin shayina ya huce Yaya ya zama ƙura. Sai in ji Litinin ta yi min sauƙi.

Kada a ɗauka haka kawai ne. Shekara uku da suka wuce an tura ni wani gari mai nisa koyon wannan manhajar, mako guda, ranar Alhamis jarrabawa, wanda ya ci shi ke da aikin. Shekara huɗu na yi a gida da takardar digiri kafin wannan damar. Ranar Talata aka kwantar da Baba a asibiti. Ranar Alhamis da safe ya rasu. Ni ina can ina lissafa faɗin rami, ban san komai ba. Sai da yamma, bayan an kai shi an dawo, wayata ta yi ƙara, Yaya ne, ya ce Auta sai haƙuri. Kwana biyu Baba na kwance, Yaya na riƙe da waya, bai kira ni ba. Da na dawo na tsare shi a bakin ƙofa na tambaye shi dalili, sai ya kalle ni da wannan fuskar tasa ta babban wa ya ce shi ya ga ya dace. Iyakar abin da ya ce ke nan. Daga ranar ban sake taka gidansa ba.

Abin haushin, shi ko a jikinsa. In muka haɗu a gidan 'yan uwa sai ya ɗaga kai ya kalli silin ya ce, "Auta, sama lafiya?" Mutane su yi dariya. Ni ma in yi, in ajiye masa ita sai Litinin.

Matsalar ita ce Mama. Bayan rasuwar Baba ta koma gidan Yaya da zama, a ɗakin baya. Tunda ba na zuwa, ita ke zuwa wurina duk Asabar ta biyu, ta duba tukwanena, ta ce na rame. Na ce mata aiki ne da cunkoson hanya suka hana ni zuwa. Sau ɗaya tak ta tambaye ni kai tsaye, muna ninke kaya, ko na riƙe yayana a zuciya. Na ce wallahi Mama ban riƙe shi da komai ba. Ta ce ta yarda, don duk cikin 'ya'yanta ni ce ba na yi mata ƙarya, tun ina ƙarama in na fasa abu ni ke kawo kaina. Wannan maganar ta yi min daɗi, ta kuma tsaya min a wuya. Ba ni da mota, ba ni da miji, rahotannina beraye ke karantawa, amma ni ce 'yar da ba ta yi wa Mama ƙarya. Wannan kaɗai nake da shi, kuma ban shirya rasa shi ba.

Za a ce ai Mama ma a gidan take, dutsen da ya ci Yaya ya ci ta. Na sani. Ni ke lissafin. Amma akwai ɗan maɓalli a gefe da ke ɓoye adadin mutane, kuma ranar Litinin kullum a danne yake.

Sai hukumar ta sa ranar buɗe ƙofa ga jama'a, ranar da kowane sashe ke nuna wa mutane abin da yake yi. Bara mutum huɗu suka zo ɗakinmu, biyu daga ciki banɗaki suke nema. Sashen ambaliya kuwa har layi aka yi, don su suna da kwale-kwalen roba. Shugaba ya ce bana ba za a yi masa wannan cin mutuncin ba, kowa ya kawo danginsa su cika kujeru. Na yi kuskuren faɗa wa Mama. Ta ce dama ta daɗe tana son ganin aikin da aka ce ina yi, ta kuma sa aka goge mata kayanta na fita tun ana saura kwana uku.

Ranar ta zo. Muka jera kujeru ashirin, aka aro majigi daga hawa na biyu, aka rataya farin zani a bango. Matar Shugaba ta zauna a gaba da ƙannenta biyu. Tsohon Soja ya kawo abokansa na fansho, waɗanda suka fara gyangyaɗi tun kafin a kashe fitila. Mama ta zo a kan lokaci, tana haki saboda matakala, ta zauna a layi na biyu ta rungume jakarta. Na tambaye ta wa ya kawo ta, ta ce mota.

Ni aka sa in yi nunin, wai na fi iya magana. Akwai asusun baƙi da aka tanada don irin wannan rana, mai tsabta, ba tarihin komai a ciki. Kalmar sirrinsa a rubuce take a wata 'yar takarda da aka manna ƙarƙashin teburin Shugaba tun zamanin da. To saboda baƙi an yi gagarumar shara ranar Juma'a, an goge har ƙarƙashin tebur. Shugaba ya durƙusa yana laluben takarda, gindinsa a sama, matarsa na kallo. Ya ɗago da gumi ya ce in shiga da nawa kawai, ai duk ɗaya ne.

Ba ɗaya ba ne. A makon ne aka sabunta manhajar, kuma ba wanda ya karanta bayanin da ya zo da ita, don a sashenmu karanta bayani alamar rauni ce. Manhajar dama tana ajiye kowane gwaji, ba a iya gogewa, saboda masu bincike. A da sai ka tona kafin ka gani. Sabuwar kuwa, wani mai neman yabo a kamfanin ya sa tana buɗewa da taswirar duk jifan da mai asusun ya taɓa yi, kowanne da ɗigon ja. Na sa kalmar sirrina na danna, taswirar garinmu ta bayyana a kan farin zani, faɗinta ya kai mita biyu. Ɗigo a nan, ɗigo a can, na ainihin aiki. A gefe ɗaya kuma, bayan shataletale, wani jan tabo mai kauri kamar an fasa ƙurji.

Na kai hannu zan rufe, matar Shugaba ta riga ni da tambaya. Ta ce wancan jan wurin fa, nan ne dutsen zai faɗo? Don ƙanwarta a wajen take da fili. Na ce a'a, ba komai ba ne. Sai Mai Gilashi, Allah ya shirye shi, mutumin da bai taɓa taimaka wa kowa ba sai ranar da ba a so, ya miƙo hannu ya karɓi linzamin kwamfutar ya ce bari ya matso da shi a gani. Ya murza. Titi ya fito, gidan mai ya fito da jan rufinsa. Ya sake murzawa. Ga gida ɗaya ya cika bango, hoto ne daga sama, tar kamar kana kan bishiya. Ga shuɗin tanki, ga igiyar shanya a bayan gida, ga ɗigogi sun hau kan juna a kusurwa ɗaya ta rufin. A gefe manhajar ta rubuto da manyan baƙaƙe: gwaji 147, wuri ɗaya. Ƙarƙashinsa jerin kwanan wata, Litinin, Litinin, Litinin.

Mai Gilashi ya gane abin da ya yi, ya saki linzamin kamar ya taɓa garwashi. Shugaba, in ba shi haƙƙinsa, ya yi ƙoƙari. Ya miƙe ya gyara kwat ya ce wannan wurin gwaji ne na musamman, an zaɓe shi bisa tsarin kimiyya, saboda yanayin ƙasarsa da tsayinsa daga teku. Ya yi minti uku yana magana a kan yanayin ƙasar bayan gidan mai. Ni ban kalli layi na biyu ba. Amma na ji muryar Mama, a hankali, kamar tana yaba girki.

"Kimiyya ta iya zaɓe," in ji ta.

Ban san yadda na ƙarasa nunin ba. Na jefa dutse a hamada, na jefa a kan duwatsu, na yi bayanin yadda ƙanana ke fashewa a sama kafin su iso, na ce dutse mai girman na gwajinmu sai a yi ɗaruruwan shekaru bai zo ba. Wani abokin Tsohon Soja ya farka ya tambaya ko za a iya harbo shi da igwa. Aka tafa, aka raba lemo, mutane suka watse zuwa kallon kwale-kwalen roba. Abokan aikina suka sulale ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa. Ya rage ni da Mama da ƙarar majigi.

Ta taso ta jawo kujera kusa da teburina ta ce in mayar da hoton nan. Na ce Mama wasa ne kawai, kowa a nan yana yi, ga Shugaba ma bakanikensa yake jifa. Ta ce ba ta tambaye ni ba, in mayar. Na mayar. Ta daɗe tana kallo. Ta nuna igiyar shanya ta ce wancan zaninta ne mai kore, ashe har daga sama ana ganinsa. Sannan ta tambaye ni yadda ake motsa alamar. Na ɗora hannunta a kan linzami. Mama ba ta taɓa riƙe shi ba, alamar ta yi ta yawo a unguwa, ta hau gidan mai, ta faɗa kwata, ta dawo. Ta cije leɓe kamar mai saka zare a allura, ta janye ta daga kusurwar Yaya, ta wuce tsakar gida, ta tsayar da ita a kan ƙaramin rufin da ke jikin tanki, na ɗakinta.

"Nan za ki riƙa sawa," ta ce. "Gidan kin samu daidai. Ɗakin kika kuskure."

Na ce ban gane ba, alhali jikina ya riga ya gane.

Ba ta kalle ni ba, allo take kallo. Ta ce ranar Talata Yaya ya ɗauki waya zai kira ni, ita ta karɓe ta daga hannunsa ta jefa a jakarta, wannan jakar da ke cinyarta. Ta ce Baba ya sha kwanciya asibiti yana tashi, ta ɗauka wannan ma haka ne, kuma ba za ta zuba ido in sake shekara huɗu ina zaune a tsakar gida ba saboda zazzaɓin kwana biyu. Ranar Laraba Baba ya tambaye ni sau biyu. Yaya ya roƙe ta har da hawaye, ta ce a bari sai an fito jarrabawa. Da abin ya faru, ta ce za ta faɗa min da bakinta, Yaya ya hana ta. Ya ce na rasa uba, kada in rasa uwa a mako ɗaya, gara in yi fushi da shi, shi ya saba da fushina tun ina rarrafe.

"Na bar shi ya ɗauka," ta ce. "Shekara uku. Ranar da kika rantse min ba ki riƙe shi ba, na san ƙarya kike. Na ce na yarda don in na matsa miki sai na faɗi tawa."

Na so in yi ihu, na so in fasa wani abu, amma duk abin da ke ɗakin na hukuma ne. Raina ya ɓaci ƙwarai, da ita, da Yaya da shirunsa na banza, da kaina. Baba ya tambaye ni sau biyu. Wannan ya shiga ya zauna, na san ba zai fita ba. Kuma a lokaci guda wata irin kunya ta rufe ni, don sau ɗari da arba'in da bakwai na tashi da safe na yi wanka na zo na kashe mutumin da ya tsaya tsakanina da ita.

Mama ta ce in danna mana, ta ga yadda yake yi. Na ce ba zan danna ba. Sai ta danna da kanta, da yatsa biyu. Kwamfutar ta yi nishinta na minti biyu. Da'irorin suka fito. Baƙar kaɗai ta cinye gidan, da gidan mai, da shataletale. Sabuwar manhajar ba ta da maɓallin ɓoye adadi, sun cire shi, lambobin suka jeru a gefe. Na ji bakina yana magana da muryar aiki, don ita kaɗai ta rage min. Na ce Mama, ai bai da amfani ki matsar da shi, faɗin ramin ya fi kilomita, wannan dutsen ba ya zaɓen ɗaki.

Sai a lokacin ta juyo ta kalle ni.

"Ashe kin sani," ta ce.

Ta miƙe da ƙyar, ta gyara mayafinta, ta miƙo min jakar ta ce in riƙe mata, matakalar nan ta fi ƙarfinta. Muka sauka hawa uku a hankali, tana dafe da kafaɗata. Jakar ba ta da nauyi, amma duk saukar ita nake ji. A bakin ƙofa ta ce motar da ta kawo ta tana can ƙarƙashin bishiya tun ƙarfe goma, direban ya ƙi shigowa, wai kada ya ɓata min taro.

Yana zaune a ciki, ya kwantar da kujera, ya rufe fuska da hula. Ya yi furfura a gefen kunne, ban san yaushe ba. Mama ta ƙwanƙwasa gilashi, ya zabura, ya sauke. Ya ganni riƙe da jakar, ya kalli fuskar Mama, ya sake kallona. Na ga ya gane. Sai ya ɗaga kai ya leƙa ta taga kamar kullum.

"Auta, sama lafiya?"

Na ce lafiya lau, Yaya. Muryata ba ta fito daidai ba, na sake faɗa. Na buɗe wa Mama gaba, na zagaya na buɗe ƙofar baya na ture takardunsa gefe na zauna.